Darasi na 9: Yadda Ake Sirranta Saƙon Imel

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana hanyar da imel ke bi da waɗanda ke iya karanta shi kafin ya isa;
2. faɗin ma'anar sirrantawa, ya kuma gwada ta da biro da takarda;
3. bambance kwaɗon jama'a da makullin sirri;
4. faɗin abin da ya sa sirranta imel ya daɗe yana gagarar mutane;
5. zaɓar hanya mai sauƙi ta tura muhimmiyar takarda ba tare da wani ya leƙa ba.

Hanyar da imel ke bi

Imel tsohon abu ne. A shekarar 1971 wani injiniya ɗan Amurka, Ray Tomlinson, ya tura saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, shi ne kuma ya zaɓi alamar @ da ake gani a tsakiyar kowane adireshi. Ƙa'idar da kwamfutoci ke bi wajen miƙa wa juna imel, wato SMTP, an rubuta ta a 1982. A lokacin masu amfani da hanyar 'yan tsiraru ne, akasari ma'aikatan jami'o'i da cibiyoyin bincike da suka yarda da juna, don haka ba a yi wa saƙon kwaɗo ba.

Wanda ya taɓa zuwa tashar mota a Daura ya ba direba saƙo zuwa Kano ko Damagaram zai gane lamarin. Idan takardar a buɗe take babu ambulan, direba na iya karantawa, yaron mota ma haka, ɗan kamashon da zai karɓa a can ya ajiye shi ma haka. Imel yakan tashi daga wayar mai aikawa ya bi ta kamfanin layi, ya sauka a manyan kwamfutocin kamfanin imel ɗinsa, daga nan a miƙa shi ga kamfanin mai karɓa, ya zauna can har ranar da aka buɗe shi. Ko bayan an karanta, kwafinsa na nan a ajiye.

Yau a unguwar Kusugu da sauran unguwannin Daura, mutum zai iya rasa sha'awar imel, amma da wuya ya tsira daga buƙatarsa. Mai neman gurbin karatu ta JAMB sai da imel. Mai shirin bautar ƙasa, da mai neman aikin gwamnati, da ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, duk ta nan ake tuntuɓar su. Abin da ake turawa kuwa ba hira ba ce: hoton katin NIN ne, da lambar BVN, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, da sakamakon jarrabawa, da bayanan asusun banki.

Akwati na 1
Imel: wasiƙar da ake aikawa ta intanet daga adireshi zuwa adireshi.
Uwar garke: babbar kwamfutar kamfani wadda ke karɓar saƙonni, ta ajiye su, ta miƙa su gaba.

Mece ce sirrantawa?

Hausawa sun san zaurance. Yara biyu kan juya gaɓoɓin kalma, gida ya koma "dagi", tuwo ya koma "wotu", su yi ta magana a gaban baƙo bai gane ba. Maganar a fili ake yin ta, kowa na ji, amma sai wanda ya san dabarar ke fahimta. Sirrantawa ke nan a taƙaice. Ba a ɓoye cewa an aika saƙo. Ma'anarsa ake hargitsawa yadda sai mai makulli zai iya mayar da ita daidai.

Akwati na 2
Sirrantawa: hargitsa rubutu bisa wata ƙa'ida don kada wanda ba a nufa ba ya karanta.
Warwarewa: mayar da hargitsattsen rubutu yadda yake da farko.
Makulli: lamba ko kalmar da ake sirrantawa ko warwarewa da ita.

Misali na 1

An ruwaito cewa Yuliyas Kaisar na Rum yakan matsar da kowane harafi gaba da mataki uku a wasiƙunsa na sirri. A jera haruffa 26 na boko kamar haka: A B C D E F G H I J K L M N O P Q R S T U V W X Y Z. A yana komawa D, B ya koma E, haka har ƙarshe, in an kai Z a zagayo farko. Makullin a nan shi ne lamba 3.

DAURA: D ya koma G, A ya koma D, U ya koma X, R ya koma U, A ya koma D. An sami GDXUD.
KUSUGU: an sami NXVXJX.

A dubi NXVXJX da kyau. Harafin X ya fito sau uku, a daidai wuraren da U yake. Nan raunin dabarar yake. Tun a ƙarni na 9 malamin Bagadaza, Yaƙub al-Kindi, ya rubuta yadda ake fasa irin wannan sirri ta hanyar ƙirga harafin da ya fi yawan fitowa. A Hausa babu harafin da ya kai A yawa, saboda haka duk wanda ya tsinci doguwar wasiƙa ya ga D ya cika ta, zai yi zargin D ne ke tsaye a madadin A, sauran kuma sai su warware kamar zaren saƙa. Sirrantawar kwamfuta ta yau ta wuce wannan nesa ba kusa ba; ba ta barin irin wannan sawu.

Kwaɗo ɗaya, makulli ɗaya, da matsalar isar da shi

A misalin da ya gabata, mai aikawa da mai karɓa makulli ɗaya suke riƙe da shi. To yaya za a yi makullin ya isa hannun mai karɓa? In aka ba direban da ke ɗauke da akwatin, an yi aikin banza. Shekaru aru-aru ba a da wata mafita sai a haɗu ido da ido ko a aiki amintaccen manzo.

A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman suka wallafa wata sabuwar dabara, a 1977 kuma Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman suka fito da tsarin da ake kira RSA, daga haruffan farko na sunayensu. Dabarar ita ce a raba aikin gida biyu: abin kullewa daban, abin buɗewa daban.

A ɗauka wani ɗan kasuwa a Daura ya sayi kwaɗuna da yawa iri ɗaya, duka makulli guda ke buɗe su. Sai ya raba kwaɗunan a buɗe ga abokan cinikinsa na Mai'aduwa da Zango da Kano, makullin kuwa ya ɗaure shi a lalitarsa. Mai son aiko masa da kuɗi ko takarda sai ya sa a akwati ya datse kwaɗon. Datse kwaɗo ba ya buƙatar makulli. Da zarar ya datse, shi kansa mai aikowar ba zai iya buɗewa ba, balle direba. In ɓarawo ya saci kwaɗon da ke buɗe, bai saci komai ba, domin kulle kawai zai iya yi da shi.

Akwati na 3
Kwaɗon jama'a: doguwar lambar da mutum ke ba kowa don a kulle saƙon da za a aiko masa.
Makullin sirri: lambar da ke buɗe abin da aka kulle da wancan kwaɗo. Ba a ba kowa, ko ɗan'uwa.

Misali na 2

Lissafin da ke ƙarƙashin RSA mai sauƙi ne ta gaba, mai wuya ta baya, kamar niƙa gero: mayar da shi gari ba wuya, mayar da garin tsaba kuwa sai a gwada a gani. A ɗauki lambobi biyu da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, 89 da 97. Ninka su aikin minti ɗaya ne: 89 × 97 = 8633. Amma in aka miƙa wa mutum 8633 aka ce ya nemo lambobin da suka haife ta, sai ya yi ta gwaji ɗaya bayan ɗaya. Lambar da ake amfani da ita a zahiri tsawonta ya wuce alƙaluma 600. Ita ce ke cikin kwaɗon da ake rabawa. Lambobi biyun da suka haife ta suna wurin mai makulli.

Hatimi

Sirri abu ɗaya ne, sanin wanda ya aiko saƙon kuma wani abu ne daban. Sarakunan ƙasar Hausa kan buga hatimi a wasiƙunsu don wanda aka aika wa ya tabbata daga fada take. A labarin rijiyar Kusugu ma akwai irin wannan. Da gari ya waye aka tarar an kashe macijin da ke tsare rijiyar, mutane da dama suka ce su ne suka kashe. Gangar jikin kowa ya gani, amma kan yana wurin mutum ɗaya, wato Bayajidda, kuma da shi ya kafa hujja a gaban sarauniya Daurama. Hatimin imel haka yake aiki. Mai makullin sirri ne kaɗai ke iya buga shi, amma duk mai riƙe da kwaɗonsa na jama'a zai iya dubawa ya tabbatar. In aka sauya ko harafi ɗaya a hanya, hatimin ba zai dace ba.

Kariya iri biyu da ake yawan rikitawa

Mai amfani da Gmail ko Yahoo ko Outlook yana da wata kariya tun bai nema ba. Ana kiran ta TLS. Tana sirranta saƙo yayin da yake tafiya tsakanin waya da uwar garke, da kuma tsakanin kamfani da kamfani in duka biyun sun tanade ta. Tun 2014 Gmail ya mayar da irin wannan kariya tilas tsakaninsa da masu amfani da shi, tun 2016 kuma yakan nuna jan kwaɗo a buɗe idan kamfanin wanda za a aika wa ba shi da ita. Wannan kamar motar da aka kulle ƙofofinta ce: mai tare hanya ba zai ga kayan ba, amma a tasha ana sauke su, kuma makullin ɗakin ajiya na hannun masu tashar. Kamfanin na iya buɗe saƙon, kotu na iya umurtarsa ya miƙa shi, wanda ya yi masa kutse ma na iya kaiwa gare shi.

Iri na biyu shi ne wanda ake kulle saƙon tun a wayar mai aikawa, ba ya buɗuwa sai a wayar mai karɓa. Kamfanin da ke tsakani akwati kawai yake gani.

Akwai wani zaɓi a Gmail da ake sa wa saƙo wa'adi, a kuma hana mai karɓa tura shi gaba. Yana da amfaninsa, amma ba ya cikin iri na biyu. Google na iya ganin abin da ke ciki, mai karɓa kuma na iya ɗaukar hoton fuskar wayar.

Akwati na 4
Kariyar hanya: sirranta saƙo yayin tafiya kaɗai.
Sirri daga hannu zuwa hannu: sirrantawar da mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke iya warwarewa.

Me ya sa abin ya daɗe yana gagara?

Manhajar da ta fara kawo wa jama'a sirri daga hannu zuwa hannu a imel ita ce PGP, wadda Phil Zimmermann ya saki kyauta a 1991. Gwamnatin Amurka ta bincike shi saboda manhajar ta fita ƙasashen waje, a lokacin da dokarsu ke lissafa sirrantawa mai ƙarfi cikin kayan yaƙi, aka rufe binciken a 1996 ba tare da an gurfanar da shi ba. A 1997 wani Bajamushe, Werner Koch, ya fito da GnuPG, takwararta da kowa ke iya duba yadda aka rubuta ta.

Ƙarfi dai PGP na da shi. Wahalar tana ga mai amfani. Sai ya ƙirƙiri kwaɗo da makulli da kansa, ya nemo kwaɗon abokinsa, ya tabbatar na abokin ne ba na mayaudari ba ta hanyar gwada wata lambar shaida mai haruffa 40, ya adana makullinsa, ya kuma kwashe shi zuwa sabuwar kwamfuta in ya sauya. A 1999 Alma Whitten da J. D. Tygar suka gwada mutum 12 da suka saba da imel, aka ba kowanne minti 90 ya tura saƙon sirri da PGP. Huɗu ne suka yi daidai. Uku kuwa sun tura sirrin a buɗe bisa kuskure, wanda ya fi rashin turawa muni. A ƙarshen 2012 wani Ba'amurke, Edward Snowden, ya nemi ɗan jarida Glenn Greenwald ya ɗora PGP don ya ba shi wasu bayanan sirri. Ɗan jaridar ya ga aikin da yawa ya yi ta jinkiri, har Snowden ya koma wurin wata 'yar jarida, Laura Poitras, wadda ta riga ta iya.

Mutanen Daura sun san irin wannan gadi. Macijin Kusugu ya tsare rijiya ƙwarai, amma masu rijiyar ma ba sa samun ruwa sai ranar Juma'a. Tsaron da ya gagari mai shi, ƙarshensa a bar shi a koma tura takarda a buɗe.

Yadda aka sauƙaƙa

Gyaran da aka yi ba a lissafin yake ba. Ɗawainiyar makulli aka ɗauke wa mutum aka ɗora wa manhaja. WhatsApp ne misalin da kowa ya sani: tun Afrilun 2016 saƙonninsa ke tafiya a sirrance daga hannu zuwa hannu, tsohuwar da ke tura wa jikanta saƙon murya ba ta taɓa ganin kwaɗo ko makulli ba. WhatsApp ya iya haka ne don kamfani ɗaya ke riƙe da ɓangarorin biyu. Imel kuwa kasuwa ce mai rumfuna dubbai, babu mai iya tilasta wa kowa tsari ɗaya, shi ya sa ya yi nawa.

Duk da haka an ci gaba. Proton Mail, wanda wasu masana kimiyya da suka haɗu a cibiyar bincike ta CERN suka kafa a Jeniba a 2014, da Tuta na ƙasar Jamus, wanda a da ake kira Tutanota, suna ƙirƙira wa mutum kwaɗo da makulli a lokacin da ya buɗe adireshi. In mai Proton ya aika wa mai Proton, ko mai Tuta ya aika wa mai Tuta, saƙon a kulle yake ba tare da an taɓa komai ba. Duka biyun suna da tsarin kyauta, suna kuma da manhajar waya. Manhajar Thunderbird ta kwamfuta ta shigar da tsarin PGP cikin jikinta a 2020. Akwai kuma Autocrypt, wanda ke liƙa kwaɗon mai aikawa a jikin kowane imel da ya fita, don manhajar mai karɓa ta ɗauka ta adana da kanta.

Misali na 3

Wata tela a unguwar Kusugu za ta tura wa ƙaninta da ke Kaduna hoton katinta na NIN da bayanan asusunta. Tana da Proton, shi Gmail yake da shi. In ta tura kai tsaye, kariyar hanya kawai saƙon zai samu. Ga abin da ya kamata:

1. Ta rubuta saƙon, ta maƙala hotunan.
2. Ta taɓa alamar kwaɗo, ta sa wa saƙon kalmar sirri.
3. Ta tura. Abin da zai shiga Gmail ɗinsa mahaɗi ne kawai, ba takardun ba.
4. Ta kira shi a waya ta faɗa masa kalmar. Ba ta rubuta ta a imel.

Mataki na huɗu shi ne wanda aka fi kuskurewa. Tura akwati da makullinsa a mota ɗaya daidai yake da rashin kullewa.

Misali na 4

Sakataren wata ƙungiyar manoma a Sandamu zai tura sunayen mambobi da lambobin asusunsu, ba ya kuma son buɗe sabon adireshi. Sai ya kulle takardar kanta. Microsoft Word da LibreOffice suna da wurin sa wa takarda kalmar sirri, 7-Zip kuma na iya ƙunshe takardu da yawa ya kulle su tare. Bankuna da dama haka suke turo bayanan asusu. Sai dai ƙarfin kullen yana ga kalmar. Lambar waya, ko shekarar haihuwa, ko sunan ɗan fari, su ake fara gwadawa. Kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa sun fi, kamar guga-raƙumi-lemo-tsintsiya-47. Wannan ɗin dai ta riga ta ƙone tunda an buga ta a littafi. Kowa ya haɗa tasa.

Abin da kwaɗo ba ya rufewa

Ko an sirranta saƙo, bayan ambulan a fili yake: adireshin mai aikawa, na mai karɓa, rana da lokaci. A tsarin PGP da Proton, taken saƙo ma ba ya shiga cikin kullen, don haka ba a rubuta lambar asusu ko sunan cuta a take.

Sauƙin Proton da Tuta ma yana da farashi. Tunda kamfanin ba ya riƙe da makullin, wanda ya manta kalmar sirrinsa ba tare da ya tanadi hanyar farfaɗowa ba zai rasa tsofaffin saƙonninsa. Proton na ba da kalmomi 12 na farfaɗowa, Tuta kuma na ba da wata doguwar lamba. A rubuta su a takarda, a ajiye inda ake ajiye takardar gona.

Babbar ɓaraka a garuruwa irin Daura ta fi duk waɗannan kusa. Mutane da yawa ba su suka buɗe imel ɗinsu ba. A kafe, wato shagon hayar kwamfuta, aka buɗe musu ranar cike fom, mai shagon ya zaɓi kalmar sirri, ya rubuta a bayan rasit ko a littafinsa, wani lokaci ma lambar wayarsa ya sa a gurbin lambar farfaɗowa. Ba lalle da mugun nufi ba. Layi ne ya yi tsawo. Amma adireshin da wani ke riƙe da kalmarsa, babu sirrantawar da za ta cece shi. Ana gyara wannan da abu huɗu: a sauya kalmar sirri a wayar mai adireshin, a duba lambar farfaɗowa a tabbatar tasa ce, a kunna tabbaci mai mataki biyu, a kuma fita daga adireshin duk lokacin da aka gama aiki a kwamfutar haya. Ita ma wayar a sa mata lambar kulle, domin a cikinta ake warware saƙon.

Ta fuskar doka, a Yunin 2023 aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ɗora wa makarantu da asibitoci da bankuna da sauran masu tara bayanan jama'a alhakin tsare su. Saboda haka wanda aka ce ya turo katinsa ta imel yana da hurumin tambayar yadda za a adana shi.

Tambayoyin bita

1. Wurare nawa imel ke ratsawa kafin ya isa? A lissafa su.
2. Ta wace fuska zaurance ya yi kama da sirrantawa?
3. Da makulli 3, a warware waɗannan sunayen garuruwa: NDQR, EDXUH, CDQJR.
4. A sirranta SANDAMU da makulli 3. Wane harafi ne ya maimaitu, kuma me hakan zai nuna wa mai son fasa sirrin?
5. Me ya sa satar kwaɗon jama'a ba ta cutar da mai shi?
6. Waɗanne lambobi biyu ne, da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, suka haifi 221?
7. Mene ne bambancin kariyar hanya da sirri daga hannu zuwa hannu? Wanne mai Gmail ke samu ba tare da ya nema ba?
8. Me gwajin 1999 ya nuna game da PGP?
9. Wani ya kulle takarda da kalmar sirri, ya rubuta kalmar a cikin imel ɗin da ya tura ta. Ina kuskurensa, yaya kuma zai gyara?
10. Wata ɗaliba ta tuna cewa a kafe aka buɗe mata imel shekara biyu da suka wuce. A jera matakan da za ta ɗauka, a faɗi wanda ya kamata ta fara da shi da dalili.